Gawayi da Gishiri a Gindin Katanga

Daga bakin zaurenta a Likoro, Iya Lantana tana kallon baƙon da maƙwabcinta Datti ya ɗauko daga Makarfi don ya sake wa tsohon gidansa wayoyin lantarki. Dogo ne siriri, da tabon ƙuna a bayan hannu, kuma in yana gaisuwa ba ya kallon idon mutum.

Abin da ya tsaya mata a rai shi ne ramin da ya haƙa a gindin katangar da suke jayayya a kanta da Datti. Ya kafa sandar jan ƙarfe a ciki, yanzu yana zuba gawayi da gishiri, leɓɓansa na motsi. Mai irin wannan hannu, in ji zuciyarta, ba wuta kaɗai yake taɓawa ba.

"Ɗan nan, me kake binnewa?"

"Hanya nake yi wa wuta ta shige ƙasa, Iya, don kada ta riƙa jan mutane. A taimaka mini da ruwa in jiƙa wurin."

Randunanta cike suke maƙil.

"Ayya, ba mu da ko ɗigo," ta ce, ta ja ƙyaurenta.