Katifun Gidan Mama a Tsakar Rana

Shekaru sun ɗan ja tun da abin nan ya faru, kuma ni ba mutum ba ne da ke amince wa ƙwaƙwalwarsa gaba ɗaya. Mai yiwuwa na haɗa abin da ya faru wata rana da na wata, ko na sa wa wani magana a baki alhali wani ne ya faɗe ta. Abin da na tabbata ban manta ba shi ne ƙaiƙayi da haushi. Haushin ma har yau bai gama sauka ba.

Bayan na gama bautar ƙasa na samu aikin koyarwa a wata ƙaramar makaranta a Kafanchan. Na kama ɗaki a wani tsohon gida da ke bayan layin dogo, irin gidan nan mai dogon lungu a tsakiya, ɗakuna suna kallon juna. Wani ma'aikacin reluwe ne ya gina shi, ya rasu tun kafin in zo, matarsa ke riƙe da gidan. Kowa Mama yake ce mata. Filastar bangon ɗakina ta tsattsage, silin ya lotso, katakon ƙofa duk ramuka. Amma daga nan da ƙafa nake zuwa makaranta, kuma albashina bai kai na hawan acaɓa kullum ba. Na zaga unguwar kafin in kama, babu wani ɗaki da zan iya biya sai shi.

Da farko na ɗauka sauro ne, na sayi gidan sauro. Sai na ce ko ƙurajen zafi ne, tunda bazara ta kama, na canza sabulu. Ƙurajen suka ci gaba da fitowa a jere, a wuya da damtse da bayan gwiwa. Wata safiya ina guga zan tafi aiki, sai na ga wani abu ja-ja, fale-fale, yana fitowa daga wuyan rigata ba tare da wata gaggawa ba. Na danne shi da farce. Ya fashe, wani wari mai tayar da zuciya ya tashi, jini ya ɓata farar rigar. Jinina ne. Na ɗaga bakin ɗinkin katifa, na gan su a kwance, manya da ƙanana, sun ƙoshi. Kuɗin cizo.

A tunanina, ɗan haya nagari in ya ga matsala a gida sai ya sanar da mai gida. Haka na yi. Ban san cewa a gidan nan ba a ambaton sunan wannan ƙwaro da babbar murya ba. Na tarar da Mama a tsakar gida tana rairaye acca, matan gidan kuma suna wanki a bakin rijiya.

Na ce, "Mama, ina kwana. Akwai 'yar magana. Ina jin, ban dai tabbata ba, kamar akwai kuɗin cizo a ɗakina."

Ta ajiye ƙwaryar a hankali. Masu wanki suka tsaya.

"A ɗakin wa?"

"Nawa, Mama. Wataƙila daga bango suke fitowa, don akwai tsagewa..."

"Bango na wa? Tica, ka ji ni da kyau. Maigidana ya gina gidan nan da gumin reluwe. Fasto ya kwana a nan, baƙi daga Kaduna sun kwana a nan, ba wanda ya taɓa sosa jiki. Kai ka kawo shi daga makaranta naku. Ku 'yan jami'a haka kuke, digiri a hannu, ƙwaro a jaka."

Wata ta yi dariya, ina jin telar da ke ɗakin ƙarshe ce, amma ba zan rantse ba. Mama ta ɗauki ƙwaryarta ta ce in Ista ya wuce in nemi wani wuri, ba za ta bari in lalata mata gida ba.

Daga ranar na zama abin gudu. In na shanya kaya a igiya, sai a janye na kusa da nawa. In na zauna a bencin ƙofar gida na tashi, sai a kakkaɓe shi. Alhajin da ɗakinsa ke kallon nawa, mai sayen busasshiyar citta yana kai wa manyan 'yan kasuwa, shi kuma tsokana ya mayar da abin. Kullum da safe sai ya ce, "Malam Tica, yaya baƙin naka? Sun tashi lafiya? Ka dai riƙa ba su abinci a kan lokaci." Yana faɗa yana sosa kafaɗa ta cikin riga. Na lura da sosawar, amma na ce wa kaina bai kamata in zargi dattijo ba tare da hujja ba.

Ni mutum ne da in na ga gizo-gizo a ɗaki nakan ɗauke shi da takarda in kai waje. Amma waɗannan sun sha jinina, sun zubar mini da mutunci, suna neman raba ni da ɗaki. Na ɗaura musu yaƙi. Na bi tsagewar bango da kananzir. Na zuba maganin ƙwari na fiya-fiya har kaina ya yi ta sarawa a aji. Na cika dutsen guga da garwashi na bi ɗinkin katifa, ina jin suna fashewa ɗaya bayan ɗaya, ina jin daɗi. Waɗanda na kama da rai nakan jefa su a kwalba in ajiye a kan taga inda rana ta fi zafi, in ja kujera in zauna ina kallo. Ba na cewa wannan hali ne mai kyau, kuma ba na cewa na yi nadama. Sai su ɓace na 'yan kwanaki, in fara murna, sai kuma su dawo kamar an aiko su. Ista kuwa tana matsowa.

Ana cikin haka sai tsohon da ke gidan da ke jikin namu ya rasu, abokin aikin mijin Mama ne a reluwe. A unguwar, in aka yi rasuwa, dangi kan taho daga ƙauyuka su yi kwanaki har a yi biso, wato jana'iza. Gidan makoki ba ya ɗaukarsu, don haka maƙwabta kowa ke fito da katifarsa ya ba da aro, shi ya kwana a tabarma. Ba a tambayar addininka, kuma ba a ƙi. Wanda ya ƙi, ranar tasa za a tuna masa. Mama, da yake tana cikin shugabannin matan zumunta na coci, ita ce ke bin ɗaki ɗaki tana cewa a fito da katifa. Amma a safiyar nan ban ji muryarta ba. Gidan ya yi tsit, kowa ya rufe ƙofa.

Surukar mamacin ce ta shigo da kanta, idonta a kumbure. Ta fara da ƙofata. Na rasa yadda zan yi. In na hana, na zama mara imani. In na bayar, na aika wa masu makoki masifa. Sai na gaya mata gaskiya, cewa katifata ba ta da lafiya, wataƙila gara a nemi wata.

Ta ce, "Tica, mutane suna hanya daga wajen Zangon Kataf, tsofaffi ne. Ka fito da shi, a sa a rana."

Na ɗauko na jingina da bangon tsakar gida, kaina a ƙasa. Da sauran suka ga na fito da tawa, ba su da mafita. Katifu suka fara fitowa ɗaya ɗaya, kowace an naɗe ta da zanin gado an ɗaure tam, abin da ban taɓa gani an yi ba. Ta Mama ce ta fito daga ƙarshe, wata tsohuwar katifar auduga mai nauyi, mutum biyu suka ɗauko ta.

Sai ga ƙanwar mamacin ta shigo, wata tsohuwa 'yar firit da sanda, wadda ta riga sauran baƙin isowa. Ta ce ita ba a kai wa 'yan'uwanta shimfiɗa sai ta sha iska, a kwance zannuwan. Ba wanda ya motsa. Ta jingina sandarta ta fara kwancewa da kanta. Ta kama bakin ɗinkin ta farko ta juya da babban yatsa.

"Na wane ne wannan?"

Tela ta ce, "Nawa ne, Kaka."

"Kina kiwo ne?"

Ta wuce ta Alhaji. Ta duba, ta kalle shi, ta girgiza kai. Haka ta bi su duka, kowace da baƙin ɗigo-ɗigo a ɗinki, wasu har da masu tafiya. Da ta zo kan tawa ta sunsuna, ta yamutsa fuska, ta bi ɗinkin tun daga sama har ƙasa.

"Wannan yana warin kananzir kamar risho, amma mutum zai iya barci a kai."

Sannan ta isa ga ta Mama. Ta ɗaga gefe guda kawai ta saki, ta ja baya. Daga inda nake tsaye na ga ɗinkin yana motsi.

"Yesu! 'Yar'uwa, wannan ba katifa ba ne, kasuwan Kafanchan ne. A kan wannan kike kwana kina zuwa coci?"

Mama ta buɗe baki ta ce ai daga ɗakin Tica suka tsallako. Tsohuwar ta ce, "Wane Tica? Waɗannan sun girmi Tica. Kakanninsu sun san mijinki."

Ina so in ce na ji tausayin Mama a lokacin. Na bincika zuciyata sau da yawa, ban samu tausayin ba. Abin da na ji shi ne wani sanyin daɗi ya sauka mini tun daga wuya har ƙafa.

Alhaji ne ya fara fasa ƙwai. Ya ce shi tun kafin yaron nan ya zo gidan yake zuba musu magani duk ranar da aka tafi coci, don kada a ji warin. Tela ta ce ita kuma ranar Juma'a take yin nata, in Alhaji ya tafi masallaci. Wata ta ce ita sai ta ce turaren sauro ta kunna. A nan na gane abin da ya hana yaƙina cin nasara, ko dai haka nake zato. Kowa yana korarsu a ɓoye, a ranarsa daban. Sai su bi ta silin da tsagewar bango su koma ɗakin maƙwabci su huta, in warin ya lafa su dawo. Shekara da shekaru 'yan gidan suna yi wa juna aike ba su sani ba. Ni laifina kawai na faɗa da baki.

Na ce wa Alhaji, "Ashe kai ma kana da baƙi, Alhaji. Sun tashi lafiya?"

Ya ce, "Kai dai bari, Malam. Nawa har sun yi jikoki."

Baƙin makoki a tabarmin coci suka kwana. Bayan biso, manyan tukwanen da matan zumunta suka dafa abinci da su suna nan a kan duwatsu, ga ragowar itace. Alhaji ya ce kada a mayar da su tukuna. Washegari da hantsi duk gidan muka fito da komai, gadaje, kujeru, akwatuna, har bencin ƙofar gida. Aka cika tukwane da ruwan rijiya aka hura wuta. Ni na karɓi buta. Na bi kowace gaɓar katako da tafasasshen ruwa, suna fitowa a guje ruwan yana cin musu, ina bin waɗanda suka tsira da takalmi. Aka ɓalle silin ɗakuna, abin da ya zubo ba zan kwatanta ba. Tela tana zuba ruwa tana zaginsu da yarenta. Hannuna ya ƙone a wuri biyu, ban ma ji ba sai da yamma.

Katifar Mama ba ta gyaruwa. Aka ja ta bayan gida kusa da layin dogo. Mama ta tsaya daga nesa ta naɗe hannu. Aka rasa wanda zai ƙyasta ashana, sai na ce a ba ni. Audugar ta kama a hankali, hayaƙi ya yi baƙi, sannan aka fara jin ƙara tas-tas-tas kamar ana gasa masara. Na tsaya a wurin har ta zama toka.

Mama ba ta taɓa ce mini yi haƙuri ba. Ana saura 'yan kwanaki Ista ta ƙwanƙwasa ƙofata da kwanon gwaten acca a hannu. Ta leƙa sama inda aka ɓalle silin ta ce, "Tica, bayan Ista zan kira kafinta ya gyara maka wannan. Ka matsar da littattafai naka." Ta ajiye kwanon ta tafi. Da haka na san ina nan. Na ci gwaten, ya yi daɗi, amma ni a tsakar gida aka ci mutuncina, a gaban masu wanki, kuma a can na so a wanke ni. Na ƙara shekaru a gidan ina jira, maganar ba ta zo ba.

Kwanan baya na ji an ce a unguwar yanzu labarin ya rabu biyu. Wasu sun ce buhunan cittar Alhaji ne suka kawo su, wasu kuma har yanzu suna cewa wani malamin makaranta ne. Shi ya sa na zauna na rubuta wannan. Duk wanda yake tsakar gidan nan a ranar, ko ya zo makokin, in ya ga na kauce a wani wuri, ina roƙonsa ya aiko mini da gyara, zan karɓa da hannu biyu. Mai yiwuwa ba tela ce ta yi dariya ba, mai yiwuwa tsohuwar ba da waɗannan kalmomin ta yi magana ba. Amma wanda zai ce ni na kawo su, don Allah ya fara gaya mini katifar wa aka ƙona.