Huɗubar Baba Ya'u

Baba Ya'u haƙar rijiya ya yi duk rayuwarsa a Inkil, har gwiwoyinsa suka gaza. Maƙwabcina ne. Idan la'asar ta yi sanyi nakan zauna gefen tabarmarsa in saurare shi.

Shekarar da aka fara tona bakin titi don binne igiyar intanet, 'yarsa Sauda tana aure a Fatakwal da tsohon ciki. Ta ce babu mai yi wa jaririn huɗuba sai shi, ko ta waya ce. Doguwar tafiya ta fi ƙarfinsa, sabis kuwa a gidansa sai ya ga dama yake zuwa.

Kullum sai ya dogara sanda ya je wurin masu tonon. Shugabansu, Fidelis, ya saba da shi.

"Baba, ka zo ƙwace mana aiki?"

"Wannan ne rami? Kaza ma ta fi ku zurfi. Yaushe abin zai iso gidana?"

Fidelis ya ce igiya akwai tsada da jinkiri, amma in ta kwanta, har jikoki. Ƙarfen sabis da wuri ake kafa shi, sai dai yana shan man dizal, kuma jama'a na yawa yake gajiya. Farantin da ke kallon sama ba ya son tono, amma tsadarsa ta masu hali ce, hadari kuma na rufe masa ido.

"Famfo, da ɗan garuwa, da ruwan sama ke nan," in ji Baba.

Igiyar ya fi ƙauna. Yakan lumshe ido ya ce mini yana ganin muryoyin mutane suna gudu a ƙarƙashin gyaɗa da saiwar mangwaro, cikin sanyin nan da shi kaɗai ya sani.

Sauda ta haihu ramin bai tsallako titi ba.

Da hantsi Baba ya hau dutsen bayan unguwa, yana hutawa yana ƙarawa, har inda waya ke hango ƙarfen cikin gari. Ya kira Sauda ta bidiyo, amma hoton ya daskare, murya kawai ta rage. Sauda ta kara wayar a kunnen jaririyar. Ya yi kiran salla a hankali, ya yi iƙama, ya ce, "Sunanki Habibatu."

Can sai kuka ya taso, siriri, yana yankewa yana dawowa.

"Ta ji, Baba," in ji Sauda.

Ya zauna a kan dutsen, wayar na kunnensa, har kukan ya lafa.