Jan Fentin da Malam Sule Ya Bari

Zuwa ga Shugaba da dattawan ƙungiyarmu ta manoman rani, gaisuwa da ladabi. Ni ne Garba Ɗan'azumi, mai shelar rabon ruwa, kuma da hannuna na rubuta wannan, kasancewar na kammala ajin yaƙi da jahilci.

Ina bakin kwatar ban-ruwa ta Kura ranar Talata da hantsi aka zo mini da labarin rasuwar Malam Sule mai gyaran rediyo. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Shi ne ya harhaɗa mana na'urar lasifikar da nake ɗora wa keke ina sanar da ranar ruwan kowace shiyya. Mutum ne mai haƙuri da tambaya. Na taɓa tambayarsa dalilin da tiransistan ƙarshe, ɗan abin da ke ƙara wa murya ƙarfi a cikin na'urar, yake zafi ko ba a magana. Ya ce, "Garba, wannan ba ya hutawa. Muryar da aka ba shi yake bi sau da ƙafa, ƙarfi kawai yake ba ta." Ya nuna mini mitarsa ta awon wuta tana kan shida, rabin sha biyun da batir ke bayarwa. Ya ce kamar ruwan kwata ne, a tsakiya ake ajiye shi domin ya sami wurin hawa da sauka. Sannan ya ɗiga jan fenti a jikin maɓallin ƙara murya, ya ce, "Iyakarka ke nan. In ka wuce, kan maganarka zai yanke."

Ban ji ba. Na ga bai dace mai muƙami irina a yi masa iyaka ba. Na murɗa har ƙarshe, murya ta koma kamar ana yaga buhu, mutanen wajen Bunkure suka kasa fahimtata. Sai na tsaya a gabanku na ce marigayi ya rage wa na'urar ƙungiya ƙarfi da gangan. Kuka daina ba shi aiki. Bai kai ƙara ba. Da muka haɗu a kasuwa cewa kawai ya yi, "Sarkin shela, yaya makogwaro?"

Ranar Talata ni aka umarta in sanar da jana'izarsa. Na tsayar da maɓalli daidai kan fentin. Har masu dashen tumatir a gonakin ƙarshe sun ji sunansa sarai, sun ajiye aiki sun taho.

Don haka na janye maganata. Ƙarya na yi masa, kuma ina roƙon a karanta wannan a taro, a gaban ɗansa Habibu.

Allah ya jiƙan Malam Sule, ya haskaka kabarinsa, ya ba iyalinsa haƙuri, ya raya abin da ya bari. Ni kuma Allah ya yafe mini.

Waɗanda suka ga inda maɓallin ya tsaya a ranar su ne Alhaji Iro mai buɗe ƙofar ruwa, da Malam Tanimu na'ibin liman, da Sani mai injin casar shinkafa.