Shekarar da Laka Ta Cika Majami'armu

Wata Asabar ce a watan Satumba, shekarar da kogin Haɗejiya ya yi ambaliya ya shanye gonakin shinkafa, muka tura ƙofar majami'armu muka tarar laka ta kai ƙwauri. Ga wata tarwaɗa tana mutsu-mutsu a gindin bagade, wato teburin ibada da ke gaba, kwaɗi sun hau benci sun yi zamansu. Ina 'yar shekara tara a lokacin, riƙe da tsintsiyar kaba, na biyo Mama da sauran matan zumuntar majami'a.

Mu Kirista ba mu da yawa a Malam Madori, galibi iyalan ma'aikatan jirgin ƙasa ne. Babana Ayuba gyaran layin dogo yake yi, mutum ne mai ƙwazo da fara'a, sai dai burkutu ya fi ƙarfinsa. Dattawan ikkilisiya suka sa shi a horo, aka hana shi cin Jibin Ubangiji, aka mai da shi bencin baya. Da kunya ta ishe shi, ya daina zuwa gaba ɗaya. Idan muna carafke a tsakar gida aka ɗan yi saɓani, sai yara su ce mini "'yar mai bencin baya", in zubar da duwatsuna in ɗauki tulu in nufi rijiya ina hawaye. Mama kuwa ban taɓa jin ta zage shi ba. Tana surfe da safe, tana ambaton sunansa cikin addu'a.

Muna cikin kwasar laka da ƙorai sai ga Baba a bakin ƙofa, shebur a kafaɗa. Ya tsaya cak. Malam Dauda, tsohon mai bishararmu, ya ɗago ya ce, "Ayuba, me kake jira?"

Baba ya sunkuyar da kai. "Malam, ni da nake cikin horo, ya dace in taka wajen bagade?"

Tsohon ya yi dariya. "Dubi ƙafafuna. Yau wa ke da tsabta a cikinmu? Shigo, Mai ɗakin ba ya korar wanda ya zo wanki."

Baba ya shiga. Ya kwashe, ya ɗebo yashi ya zuba, ya toshe inda bango ya zaizaye, bai ko zauna shan ruwa ba. Da muka je wanke ƙafa a kududdufi na ga kafaɗunsa suna rawa, sai na gane kuka yake yi.

Ba a ranar ya rabu da sha ba. Ya faɗi, ya tashi, ya sake faɗuwa. Amma duk yamma Malam Dauda kan zo da kaba su zauna saƙar tabarma a ƙofar gidanmu, har lokacin da abokan shan kan zo kiransa ya wuce. Ana gab da Kirsimeti dattawa suka ɗage masa horo, suka karɓe shi. Ya miƙe a gaban jama'a, kafin ya roƙi gafarar ikkilisiya sai da ya juya wajen Mama ya ce, "Rahila, ki yafe mini." Mama ta rufe fuska da gefen zane.

Yau ginin siminti ne a wurin, da fanka da lasifika, jama'a sun yi yawa har ba ka san na kusa da kai ba. Nakan yi kewar lokacin da muke 'yan kaɗan, kowa ya san ciwon ɗan'uwansa. Allah bai gaji da Baba ba, ban kuwa ga alamar zai gaji da mu ba.