Ranar da Samarin Layinmu Suka Sauke Ɗana

Bayan na yi ritaya daga aikin gwamnati, yawancin yammacina a ƙofar gida nake yin sa, a Rafin Guza. Duk damina kwatar layinmu takan toshe da leda, ruwa ya shigo mana har zaure. Wata rana bayan la'asar na ji samarin layin suna gardama, ɗaya yana cewa dimokuraɗiyya harkar 'yan siyasa ce, sai zaɓe ya zo ake jin sunanta.

Na ce musu, "Ku bar maganar manya. Ga kwata nan. Wa zai jagorance ku ku yashe ta, kuma wace rana?"

Suka ce in naɗa musu shugaba tunda ni ne babba. Na ƙi. Na ce ciwon baya ba zai bar ni in shiga kwata ba, don haka masu riƙe shebur su zaɓi wanda za su bi na wata shida. Muka yayyanka takarda, kowa ya rubuta suna ya jefa a hulata. Na sa aka kira 'yan matan da ke share bakin kwatar kullum su ma su jefa tasu, duk da wasu samarin sun ɓata rai. Ɗana na uku ne ya ci. Na so a riƙa aikin ran Asabar, suka ɗaga hannu suka zaɓi Lahadi. Na bi abin da suka zaɓa.

Mako uku komai na tafiya daidai. Sai ɗan nawa ya fara makara, wata Lahadin ma ya tafi kallon ƙwallo ya bar su. Washegari wani saurayi mai gyaran waya a Babbar Kasuwa ya zo ya durƙusa ya gaishe ni.

Ya ce, "Baba, ba raini ba ne. Muna so a sake zaɓe."

Abin ya taɓa ni, ɗana ne. Na tambaye shi ko sun gaya wa shugaban nasu. Ya ce a'a, kunyata suke ji. Na ce, "Ku kira shi, ku faɗa masa laifinsa a gabansa, ku bar shi ya kare kansa. Sannan ku kaɗa ƙuri'a."

Haka aka yi. Ya yi bayani, ba su gamsu ba, mai gyaran wayar ya kayar da shi. Ranar ɗan nawa ko tuwo bai ci ba. Mahaifiyarsa ta ce na bari an kunyata shi a gaban abokansa, muka kwana biyu ba ta sakar mini fuska.

Lahadi da safe na fito na tarar da shi cikin kwata har gwiwa, sabon shugaban yana nuna masa inda zai zuba laka. Ya ɗago ya ce, "Baba, in wa'adinsa ya cika zan sake tsayawa."

Na daɗe tsaye a wurin. Duk wanda ya zo wucewa ya gaishe ni sai in nuna masa mai lakar nan, in ce ɗana ne.