Anti Buɗe-Baki Ta Bar Ɗakin Haƙori, Ba Ko Sannu

Kafin mai shara ya gama da baranda, ita ta riga ta tafasa kayan aikinta, ta goge tsohuwar kujerar nan da ba ta kwanciya sai an danna ta da gwiwa. Ɗakin haƙori ke nan, can ƙuryar asibiti, bayan ɗakin wanki. Marasa lafiya ne suka laƙaba mata Anti Buɗe-Baki, don da wannan kalma take tarbar kowa.

A tambayi dattijon direban nan da 'ya'yansa suka kawo da kunci a kumbure, ya rame kamar ba shi ba. Ya daɗe ba ya iya tauna, har dangi sun fara cewa asiri aka yi masa. Anti ta leƙa bakin, ta ɗago rai a ɓace.

"Baba, tun yaushe?"

"Ai haƙori ne kawai, 'yata. Gishiri nake sa masa."

"Haƙori kawai? Ruɓar nan ta kusa kai ka kushewa!" Ta juya kan 'ya'yan. "Ku kuma, da ƙafarsa ce ta kumbura haka, za ku zuba masa ido?"

Ta cire ruɓaɓɓen, ta wanke gurbin, ta kafa masa sharaɗin ya riƙa zuwa a duba shi ko ba ya jin ciwo. Yau ga shi can a tasha, ya yi ƙiba, yana gaisawa da nama yana tsokanar fasinja.

Wannan baiwar Allah ce ta yi ritaya makon jiya. Ba taro, ba yabo, ko ruwan sanyi ba a miƙa mata ba. Aka garƙame ɗakin, wai za a mai da shi sito, don a cewar manya haƙori ba larurar gaggawa ba ce. Haba! Mai wannan magana bai taɓa yini dafe da kunci, abinci a gabansa yana kallo ba.

Anti, ke ce kika mayar wa mutane da ɗanɗanon abinci, kika sa masu rufe baki da hannu suka sake dariya cikin jama'a. Mun gode, Allah ya saka miki da alheri.

Matasa masu koyon jinya, ku ɗauki hanyarta. Mu sauran, kada mu jira kumburi kafin mu je a duba mu. Ku kuma manya, ranar da naku haƙorin ya motsa, za ku tuna inda kuka jefa makullin.