A Takarda, Tsani Ne Ya Kashe Ƙanena

Ranka ya daɗe Edita, a shekarun da ƙasar nan ta shiga matsi, aka datse albashi, aka yi ta sallamar ma'aikata, ni magidanci ne mai 'ya'ya uku a unguwar Briqueterie, kuma mutum mai jin ya fi kowa wayo a layinmu. Na yi aikin ofis kafin a kore mu, Faransanci kuwa har da na burga. Da aiki ya tafi, na sayar da agogona da keken ɗinkin maiɗakina, na sayi babur na shiga haya, abin da muke kira bensikin. Da yake ni ne mai riƙe biro a cikin 'yan tasharmu, sai aka naɗa ni sakatare. Ina rubuto muku ne don akwai abin da ke cina a rai shekara da shekaru, kuma a gidanmu ba na iya faɗinsa.

A lokacin, duk ranar da rediyo ya karanta adadin haɗarin babur, mun san ba jaje za a yi mana ba. Kafin wata ya ƙare sai a fito da sabuwar takarda da za mu saya, ko riga mai lamba, ko a ce kada a ƙara ganinmu a manyan titunan gari. Ramukan hanya kuwa ba wanda ya taɓa ƙirga su. Abin ya ci mini rai ƙwarai. Wata rana na ɗauko wata ma'aikaciyar jinya, na tambaye ta daga ina ake samun wannan adadi. Ta ce ai daga littafin ƙofar asibiti ne, duk wanda aka kawo sai an rubuta abin da ya same shi. Ban ma karɓi kuɗinta ba don murna, wai ni na gano bakin zaren.

A taronmu na gaba na kawo shawarar yadda za mu rage adadin, aka yi mini tafi. Daga ranar, duk ɗan tasharmu da ya faɗi, wurin wani tsohon maɗori a unguwar Nkomkana za a kai shi. In kuma asibiti ya zama dole, kada bakin kowa ya ambaci babur. A ce daga tsani ya faɗo, ko santsi ya kwashe shi a banɗaki, ko saniya ta harbe shi a kara. Shanun karar Etoudi sun sha ƙazafi a shekarar nan, wallahi. Wanda ya karya doka a kore shi daga tasha, kuma da hannuna na kori mutum biyu, ina hura hanci.

Ina da ƙane, uwa ɗaya uba ɗaya, mai gyaran agogo ne. Da mutane suka daina kawo gyara, ni na ja shi cikin haya. Yana da mata da 'yar jaririya da ba a daɗe da sunanta ba. Wata rana da hantsi ya ɗauko buhun albasa daga kasuwar Mokolo, ya gangaro wata mararraba da ruwa ya cinye kwaltarta, wadda mu duka muka san tana kayar da mutane. Tayar gaba ta faɗa rami, kan babur ya soke shi a ciki, ƙafa ta karye. Da na iso yana magana sarai. Ya ce mini ƙafar ba ta dame shi kamar cikinsa ba. Wata mai ƙosai da ke wurin ta ce mu dubi leɓensa yadda ya yi fari, mu ruga asibiti da shi. Na ce ta ji da man suyarta kada ya ƙone. Abokan aikinmu sun kewaye mu, idonsu yana kaina, suna jira su ga ko sakatare zai take dokarsa don ɗan'uwansa. Wannan kallo na ji wa tsoro. Ba haraji ba, ba hukuma ba, bakin mutane.

Muka kai shi wurin maɗorin. Tsohon ya ɗaure ƙafar, ya taɓa cikin, ya janye hannu, ya ce wannan ba aikinsa ba ne, mu nemi likita tun da rana. Na ce buguwa ce kawai, in ya sha kunu ya huta zai ware. Na kai shi gida. Ya yi ta neman ruwa, matarsa tana ba shi tana kallona, ba ta iya musu da yayan miji. Har aka kira la'asar ina nan ina taurin kai. Sai ya kamo gefen rigata, da muryar da ba zan manta ba, ya ce:

"Yaya, ka kai ni asibiti. Zan ce tsani ne."

Ko a halin nan dokata yake tsare mini. Muka tafi. A ƙofa aka tambayi abin da ya faru, ni na riga shi buɗe baki, na ce daga tsani ya faɗo yana gyaran rufi. Aka rubuta. Ganin ƙafa a ɗaure, ta ƙafar aka fara. Kafin a kai ga cikin, jini ya gama zuba a ciki tun safe. Ya cika kafin magariba, Allah ya jiƙansa. Likitan ya ja ni gefe ya tambaye ni wane irin tsani ne yake barin shatin ƙarfe a cikin mutum. Ya ce da na faɗi gaskiya, nan za su fara dubawa. Na sunkuyar da kai kamar ɓarawon da aka kama a kasuwa, ban gyara maganar ba.

Harajin kuma ya zo abinsa, ko jinkirin kwana ɗaya bai yi ba. Daga baya muka haɗu muka je ofis roƙon a gyara mararrabar. Jami'in ya karɓe mu da mutunci, ya buɗe littafinsa, ya ce a rubuce ba a taɓa yin haɗari a wurin ba, su kuma inda adadi ya nuna suke kai aiki. Na so in yi masa ihu, amma da wane baki? Ni na goge mutanenmu daga littafin, ɗaya bayan ɗaya, har da nawa.

Har gobe ina jin haushin masu ƙirga gawarmu don su ƙara mana kuɗin takarda, ban yafe musu ba. Amma na gane cewa wanda ba a rubuta ba, kamar bai taɓa faɗuwa ba ne, kuma ba wanda zai toshe ramin da bai kashe kowa ba. 'Yan'uwana masu haya, ku yi faɗa da haraji ta kowace hanya, ban da jinin ɗan'uwanku. In mutum ya faɗi, ku kai shi ga likita, ku faɗi abin da ya buge shi da inda ya buge shi.

'Yar ƙanen nawa a hannuna ta tashi, ni na aurar da ita. Uwarta ta rasu ba ta tona ni ba, waɗanda suka sani kuma sun yi shiru don ganin girmana. Kwanan baya na je gidanta, na tarar ta hana mijinta hawa tsani ya gyara inda rufi ke yoyo. Ta ce mini, "Baba, ka san abin da ya raba ni da ubana." Sannan ta tsayar masa da mai bensikin ya je ya kira kafinta. Ina tsaye ina kallo suka nufi mararrabar nan da ubanta ya faɗi, kuma ramin yana nan.